Gungumen da Abelone Ta Raba Biyu

Mata arba'in da 'yan kai ne suka zo wa Abelone gayyar jinka, kuma a cikinsu babu wadda ta san matar gidan ba ta iya haɗiye ko loma ɗaya ba tun safe. Shekara uku tana jiran layi ya zo kanta. Mu nan tsibirin Læsø ba a ɗora jinkar ciyawar teku da hannu biyu ko huɗu. Sai matan ƙauye sun fito kaf, a fara da sassafe a gama kafin rana ta faɗi, don in ruwan sama ya sauka a kan rabin aiki, to an yi asarar ciyawar da aka shekara ana kwasowa daga gaɓa ana shanyawa. Maza kuwa kada ma ka tambaya, suna can aiki cikin jiragen ruwan mutane. Mijinta Tyge wata goma sha huɗu ke nan rabonta da shi.

Abin da ke cin ta a rai gungume ne guda. Tsibirin da kakanninmu suka ƙone itatuwansa ƙurmus wajen dafa gishiri, ina za ka samo katako in ba wanda teku ta tofo ba? Shi ma ɗin ba naka ba ne. Duk abin da ya fito daga fasasshen jirgi sai an kai wa wakilin gaɓa, a yi gwanjonsa, masu hali su kwashe na kirki. Wanda aka kama ya ɗauka a ɓoye, ana kiran sunansa a ƙofar coci, daga nan a wuce da shi wajen hukuma. Abelone ta san wannan sarai. Amma da ta ga wani dogon gungumen jirgi kwance a wani lungun gaɓa, ga tsofaffin azarar gidanta sun ruɓe, ga ranar gayya tana matsowa, sai ta ɗaura masa igiya ta sa goɗiyarta ta jawo shi, ta binne shi a ƙarƙashin tarin ciyawa.

Ya yi tsawo da yawa, sai ta ɗauko zarto don ta raba shi biyu, rabi ya tsallaka saman ɗakin kwana, rabi saman ɗakin shanu da ke ɗaya ƙarshen gidan. Zarton ya riƙa wucewa kamar cikin gurasa. Da gungumen ya rabu ta duba cikinsa. Waje sumul, ciki kuwa ramuka ne birjik, kowanne ya isa a zura ɗan yatsa, bakinsa da fari-fari kamar an shafa alli. Tsutsar teku ta gama da shi tun yana cikin ruwa. Ta daɗe a tsugune tana kallo. Sannan ta tashi ta ɗauko kwalta ta shafe bakin yankan, ta bi duk jikinsa ta shafe.

Tsoho Svenning kafinta ne ya ɗora duka biyun. Al'adar kafintoci ce su ƙwanƙwasa katakon teku da bayan gatari su saurara, don mai rami ba ya amsawa kamar lafiyayye. Svenning ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya gyaɗa kai. Mutumin da ko ƙararrawar coci ya yi shekara biyar bai ji ba! Abelone tana tsaye a bayansa, ita ta ji amsar da gungumen ya bayar, ba ta ce uffan ba.

To ga shi yau za a ɗora masa jinkar da nauyinta ya kai na shanu tamanin.

Tsakar gida ta cika da hayaniya. Mata sun zauna layi-layi suna tufka ciyawa, kowace tufka kaurin cinya daga kai, siririya daga wutsiya, ana miƙa wa na kan tsani suna naɗe ta a tankar ƙasa. Uwar gayya, Bolette, wata ƙatuwar mata mai muryar da ke kaiwa ƙauyen gaba, tana zagayawa da sanda tana zungurar aiki.

"Wannan tufkar wa ce? Dorthe, taki ce? Wutsiyar kyanwata ta fi ta kauri. Kwance ki sake."

"Haba Gwaggo, hannuna ya gaji."

"Bakinki dai bai gaji ba. Ke kuma matar gida, lafiya kika yi fari fat haka? Ko Tyge ne ya aiko yana hanya, kike fargabar ya zo ya tarar kin tsufa?"

Aka kwashe da dariya. Abelone ma ta yi yaƙe, ta ce rashin barci ne, saniyarta ta haihu jiya. Wannan gaskiya ne, saniyar da ɗan maraƙinta suna ɗaure a ɗakin shanu a lokacin. Sai dai ba shi ne ya hana ta barci ba.

Kafin azahar tufka ta zagaye gidan, ta yi kauri kamar katanga, ta zubo har ta rufe tagogi ruf. Haka ake bari, sai jinka ta kwanta bayan 'yan watanni sannan a zo da wuƙa a yanke gurbin taga. Daga nan aka shiga cilla sakakkiyar ciyawa sama da cebur mai yatsu, runguma bayan runguma. Duk rungumar da ta tashi sama, sai Abelone ta ji kamar a ƙirjinta aka sauke. Ta riƙa ce wa kanta ai gungumen yana da kauri, ai ba duka tsutsa ta cinye ba, ai gidaje nawa ne ke tsaye a kan katakon da ya fi wannan lalacewa. Sau biyu tana nufar Bolette da niyyar magana. Na farko ta ƙare da tambayar ko a ƙaro giya. Na biyu ta tarar da ƙanwar matar wakilin gaɓa tsaye kusa, sai ta wuce kamar rijiya za ta.

"Ina budurwar gida?" Bolette ta ɗaga murya. "Sidsel! Tuɓe takalmi ki hau."

Sidsel 'yar Abelone ce, ita kaɗai gare ta, shekararta goma sha bakwai. Budurwar gida ce ke jagorantar tattake jinka, ta yi rawa a tsakiyar ƙololuwa sauran 'yan mata na biye da ita, har ciyawa ta danne ta haɗe. Tun tana ƙarama take kallon 'ya'yan wasu suna yi, ta yi mako guda ba ta da zance sai wannan. Ta haye tsani da gudu tana dariya, mata goma sha biyu suka bi ta. Na ƙasa suka ɗauki waƙa da tafi.

Abelone ta ɗaga kai. Ƙafafun 'yarta suna sauka daidai saman ɗakin kwana, dim, dim, dim. A tsakiyar waƙar nan ta ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ba wanda ya ji, don ba wanda ke saurare sai ita. Ta ajiye tulun da ke hannunta ta ce za ta ɗauko gurasa.

Ƙofar da take turawa da yatsa ɗaya kullum, yau sai da ta sa kafaɗa.

Ciki duhu ne kamar rijiya, sai 'yar fitilar man kifi da ta bar wa surukarta. Gjertrud, uwar Tyge, shekara biyu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Da safe an so a fito da ita, ta ce ita da ta yi uwar gayya shekara ashirin ba za a shimfiɗe ta a tsakar gida kamar kifi ba, akwai rufin katako a samanta, a bar ta ta ji aikin da kunnenta. Tana nan kwance a gadonta, idonta ƙur a kan gungumen da ya tsallaka ɗakin. Daga sama dirin ƙafafu yana saukowa, duk dira ɗaya sai wani farin gari ya zubo siriri ta cikin hasken fitila. Ya riga ya yi fari a kan bargonta.

"Iya," Abelone ta ce.

"Na yi ta kira," tsohuwar ta ce a hankali. "Wa zai ji ni cikin wannan waƙa? Zo nan. Shafa ki ji."

Abelone ta shafa garin. Garas-garas yake kamar dakakken ɓawon ƙwai.

"Kin san ko mene ne?"

"Na sani, Iya."

"Tun yaushe?"

Tsohuwar ta juyo ta dubi Abelone, kuma da ma zagi ta yi da ya fi sauƙi. Sama aka sake dirowa gaba ɗaya, gungumen ya yi wani dogon kuka, tsaga ta buɗe a cikinsa, baƙar kwalta ta rabu ta nuna farin da ke ƙarƙashi.

"Ƙafar jikata ce nake ji a kaina?" in ji Gjertrud. "To me kike tsaye yi? Bar ni, ni na ci zamanina. Je ki sauko da yarinyar nan!"

Da ƙyar ƙofar ta bari ta fita, tana gurzar ƙasa. Ta ja ta a bayanta saboda sabo, ta faɗa tsakar gida tana ihu.

"Ku tsaya! Ku daina! Sidsel, tsaya!"

Waƙar ta ɗan ci gaba kafin ta mutu. Dorthe ta ce ko gurasar ce ta ƙone, wasu suka yi dariya. Bolette ba ta yi dariya ba. Ta tako har gaban Abelone, ta dubi farin garin da ke yatsunta, ta kama hannun ta shinshina.

"Wane katako ne?"

"Na saman ɗakin kwana. Gwaggo, a gaɓa na ɗauko shi. Tsutsa ta cinye cikinsa. Na gani, na shafe da kwalta."

Abelone ta ji idanun mata arba'in a jikinta, ta ga ƙanwar matar wakilin gaɓa ta dafe baki.

"Kin gani kika shafe," Bolette ta maimaita. "Kika bar mu muka hau da 'ya'yanmu. Za mu zo kan wannan. Yanzu dube ni. Shi kaɗai ne?"

A nan ne fa abin ke ba ni haushi har gobe. Ta riga ta faɗi mai wuyar, saura kalma biyu kacal. Amma sai wani tunani ya gifta mata, wai guda ɗaya kuskuren mace ce da ta rasa yadda za ta yi, biyu kuwa ganganci ne, ba mai sake gaishe ta a tsibirin nan. Kuma ai rabin ɗakin shanun kamar ya fi wancan ƙwari, haka ta tuna, ko haka ta so ta tuna.

"Shi kaɗai ne," ta ce.

Bolette ta juya ta ɗaga kai sama, ta sassauta murya yadda ake yi wa dokin da ya firgita. "'Yan mata, kada wadda ta yi gudu. Ku kwanta rub da ciki. Ku ja jiki zuwa saman ɗakin shanu, can lafiya lau ne, ku taru a can. A kai tsani wancan ƙarshen. Ɗaya bayan ɗaya za ku sauko."

Abelone tana kallo mutum goma sha uku suka rarrafa suka taru cunkus a kan ɗaya rabin gungumen, 'yarta a tsakiyarsu. Ta ƙirga su suna saukowa, numfashinta a riƙe, farcenta ya nutse a tafin hannunta. Ɗaya, biyu, biyar. Wata ta tsaya a kan tsani tana kuka ta kasa motsi, sai da Bolette ta daka mata tsawa. Tara, goma sha biyu. Sidsel ce ta ƙarshe, ta ƙi sauka sai da kowa ya sauka. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa, Abelone ta ɗaga kai ta dubi jinkar. Ya riƙe. Allah ya rufa asiri, rabin can ya riƙe, kuma babu wanda zai taɓa sani.

"Kaka fa?" in ji Sidsel.

Suka ruga ƙofar ɗakin kwana. Ta cije. Rufin ya sauko ya danne ta, mata uku suka haɗa kafaɗa ko motsi ba ta yi ba. Dorthe ta kawo gatari, Bolette ta fizge shi daga hannunta.

"Kin haukace? Ƙofar nan ce ke tallafe da shi yanzu. Ki sare ta ki binne tsohuwa. Taga! Ku kawo wuƙar jinka da lauje."

Tagar tana binne a bayan tufka mai kaurin da ya fi tsawon hannu. Sabuwar tufka kuma ba ta yankuwa da daɗi, gishiri ya sa ta tauri, wuƙa tana zamewa. Suka riƙa yanka suna yagewa da hannu, yatsu suna fashewa. Daga ciki gidan yana ta ƙara, wani lokaci ƙas-ƙas, wani lokaci dogon nishi, sai kowa ya ja da baya, a saurara, a sake komawa. Abelone tana gaba, tana yanka tana kiran Iya, Iya, ba amsa. Da laujen ya taɓa gilashi ta fasa shi da ƙotar, ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a kan fasassun, ta zura kai cikin ramin.

"Ni zan shiga," ta ce, ko da yake ba wadda ta yi tayin shiga.

Fitila ta mutu. Ƙura ta cika ɗakin, ɗanɗanon alli da gishiri a harshe. Ta miƙe tsaye sai kanta ya bugi rufi, a ɗakin da a da ko ta ɗaga hannu ba ta taɓo shi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba, har fitsari ya kusa kufce mata. Ta durƙusa ta rarrafa tana lalube, ta ci karo da kujera, ta ci karo da akwatin Tyge, sannan hannunta ya faɗa kan bargo.

"Yarinyar ta sauka?" Muryar tsohuwar ce, can ƙasa-ƙasa.

"Ta sauka, Iya. Duk sun sauka."

"To madalla. Ja ni a hankali, kada ki taɓa ginshiƙi."

Ta naɗe ta a bargon ta jawo ta ƙasa. Tsohuwar ba nauyi, ƙashi ne da fata, amma tazarar taku biyar ɗin nan ta zame mata kamar daga nan zuwa coci. Wani abu ya fashe a samansu kamar harbin bindiga, katakon rufi ɗaya ya faɗo gefenta. Ta cusa kan Gjertrud cikin ramin, hannuwa daga waje suka kama suka ja. Ita ma ta bi, gilashi ya tsage mata gwiwa ba ta ma ji ba, sai ga ta a hasken rana a kwance kan ciyawa, tana tari tana kuka.

Mata suka kewaye tsohuwar, wannan na ba ta ruwa, waccan na goge mata fuska. Abelone ta ɗago kai tana neman fuska ɗaya.

"Ina Sidsel?"

"Ta shiga kwance saniya," in ji Dorthe. "Ta ce in ɗakin kwana ya faɗi, ƙarar za ta firgita ta ta take maraƙin. Kada ki damu, ta wancan ƙarshen ta shiga."

Abelone ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Tana gudu tana ihu, "Biyu ne! Na raba shi biyu! Sidsel, fito!" Ta zagayo kusurwar gidan daidai lokacin da saniyar ta fito a guje, igiya na jan ƙasa a bayanta. Ita kaɗai. Abelone ta hango 'yarta a can ciki cikin duhu, ta sunkuya tana ƙoƙarin ɗaukar maraƙin, ta ɗago kai jin muryar uwarta.

Jinkar ciyawa ba ta rugujewa da ƙara kamar ta katako. Zama take yi. Ƙarshen gidan ya yi wani gajeren sauti, sannan duk tulin nan ya sauko a hankali kamar saniya za ta kwanta, ya cika ƙofar, iska mai warin teku ta bugi fuskar Abelone. Shi ke nan, sai shiru.

Ta faɗa kan tulin tana yaga da hannu. Bolette ta cafko ta ta wuyan riga ta juyo da ita, ta girgiza ta har haƙoranta suka haɗu.

"Ina kika sa shi? Daga ina zuwa ina? Akwai na uku? Ki yi mini ƙarya yanzu ki ga!"

"Babu na uku. Na rantse da Allah babu. Daga turken saniya zuwa bangon arewa."

"To ta gefen kudu za mu shiga, can zai bar sarari in ya bari. Kada wadda ta hau sama! Ku ja daga ƙasa, ku miƙa baya."

Mata arba'in suka yi layi suna warware da hannunsu abin da suka wuni suna ɗaurawa. Ba waƙa, ba magana, sai numfashi da ƙarar ciyawa. Kowane ɗan lokaci Bolette ta ɗaga hannu, a tsaya cik, ta kira sunan yarinyar, a kasa kunne. Sau huɗu ba amsa. Rana ta karkata. Abelone ta yi addu'o'in da ta sani duka, ta koma roƙon Allah da maganar baka, a ɗauke ta a bar yarinyar, a kira sunanta a ƙofar coci kullum har ta mutu, ita dai a bar mata yarinyar. A kira na biyar wani abu ya amsa, kukan maraƙi ne, siriri.

Suka bi kukan. Dorthe ce ta fara taɓo ƙafa, ba takalmi, tafin ya yi baƙi da tattaka. Da ɗumi. Karyayyen gungumen ya faɗi kan komin shanu, komin ya tare shi, ya bar wani ɗan gurbi da bai fi na kare ba. A ciki Sidsel take, maraƙin a ƙirjinta, hannunta na dama a ƙarƙashin katako ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Mata takwas suka sa kafaɗa suka ɗaga, Abelone a cikinsu, aka zaro ta.

Aka kwantar da ita a tsakar gida. Fuskarta fari fat da garin nan, idonta a buɗe. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya har ta kai kan uwarta, wadda ta durƙusa tana son taɓa ta tana jin tsoro.

"Inna," ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Ai kin ce shi kaɗai ne."

Bolette ta tsuguna ta fara yaga gefen zanenta don ɗaure hannun, ta ce wa Dorthe ta zo ta riƙe kan yarinyar. Abelone ta miƙa hannu za ta riƙe, Sidsel ta juyar da fuskarta wajen Dorthe.